Kisan Daren Kirsimeti: Martani ga Raymond Chandler

A watan Disamba na 1944 mujallar Atlantic Monthly ta Amurka ta buga maƙalar Raymond Chandler mai suna The Simple Art of Murder. Yau sama da shekara tamanin ke nan, shi kansa marubucin ya rasu tun 1959, amma hukuncin da ya yanke wa labaran binciken kisa na Ingila yana nan da ransa. Duk wanda ka ji yana cewa finafinan mai binciken nan Poirot wasan yara ne, gawa ce kawai aka shimfiɗa a falon masu kuɗi don 'yan kallo su sami abin hira bayan sun ci sun ƙoshi, to da bakin Chandler yake magana, ko ya taɓa jin sunansa ko bai taɓa ba. Ni kuwa ina ganin hukuncin nan bai yi adalci ba. Zan kafa hujjata da labarin da a zahiri ya fi kowane kama da abin da yake zargi: Hercule Poirot's Christmas, littafin da Agatha Christie ta fitar a Disamban 1938, wanda gidan talabijin na ITV ya mayar fim a tsakiyar shekarun 1990, David Suchet ya fito a matsayin Poirot.

Bari in fara da faɗin matsayinsa yadda shi da kansa zai amince da shi. Chandler yana ganin marubutan Ingila na wancan zamani sun raba kisa da mutanen da ke aikata shi. Sukan fara ƙulla dabara mai ɗaure kai, daga baya su ɗinko mutane a jikinta, mutanen da dole su yi abin da mai hankali ba zai yi ba don dai dabarar ta tafi daidai. Ya ɗauki littafin A. A. Milne, The Red House Mystery, ya yi masa filla-filla, ya nuna cewa labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai in 'yan sanda sun ƙi yin tambayoyin da kowane ɗan sanda zai yi. Ya yi wa Christie shaguɓe kan labarin jirgin ƙasan nan da fasinjoji suka yi wa mutum ɗaya taron dangi. Sannan ya ɗaga hannun Dashiell Hammett, ya ce shi ne ya maido da kisa lungu, hannun masu yin sa don wani dalili, da makamin da ya zo hannu. Duniyar gaskiya a wurinsa ita ce wadda 'yan daba ke juya birane, alƙali da magajin gari hannunsu ba a wanke yake ba, mai shaida kuma ya gwammace ya kama bakinsa.

Magana ce mai nauyi, daga bakin gwani. Amma mu shiga gidan mu gani. Wanda bai kalli fim ɗin ba kuma yana son ya gano mai kisan da kansa, ya ajiye wannan rubutu sai ya kalla, don ba zan iya kare labarin ba tare da na tona ƙarshensa ba.

Simeon Lee tsoho ne, attajiri, jiki ya ƙi amma baki da mugunta suna nan garau. Dukiyarsa daga lu'ulu'un Afirka ta Kudu ta samo asali, kuma har yanzu yana ajiye da wasu ɗanyun duwatsu a akwatin ƙarfe a ɗakinsa, yana fito da su yana shafawa. Ya tara 'ya'yansa a gidansa na Gorston Hall da sunan Kirsimeti: Alfred mai biyayya da ya ƙare rayuwarsa a gindin uban, George ɗan majalisa mai maƙo, Harry da ya bar gida shekaru da yawa da abin kunya a bayansa, da wata budurwa, Pilar, da ta zo daga Sifaniya a matsayin jika. Kowa ya ɗauka tsufa ne ya sa tsohon neman zumunci. Da suka hallara sai ya ɗaga waya a gabansu ya kira lauyansa, ya ce yana son sake wasiyya, sannan ya juyo ya zazzage su tas, ya ce ba namiji a cikinsu, kuma yana da yaƙinin 'ya'yan da ya haifa a waje sun fi su. Daren ne aka ji ƙarar faɗuwar kaya daga sama da wani ihu mai tada tsikar jiki. Aka ɓalle ƙofa, aka tarar da shi a yanke, jini ko'ina, ɗaki a kulle, ba kowa a ciki.

Yadda aka shirya abin kuwa, nan ne mabiyan Chandler ke tafa hannu. An kashe tsohon tun da wuri. Mai kisan ya jibga kujeru da tebura, ya ɗaure su da igiya, ya zura bakinta ta taga. Ya yayyafa jinin dabba da aka gauraya da sinadarin hana daskarewa don a ɗauka yanzu aka yi yankan. Ihun kuma na wani balan-balan ne na yara mai siffar alade, wanda in an zare toshiyarsa iska ke fita da kururuwa. Daga waje ya ja igiya, kaya suka rufto, aladen roba ya yi ihu. Na yarda, ba haka ake kashe mutane a mafi yawan lokuta ba, kuma in da wannan ne kaɗai abin da ke cikin labarin da ban ɗauki alƙalami ba.

Sai dai a duba wanda ya ja igiyar. Sufuritanda Sugden ne, ɗan sandan da aka damƙa wa binciken. Babban ƙorafin Chandler a kan Milne shi ne labarin na bukatar 'yan sanda marasa wayo. Christie ta riga ta amsa wannan shekara shida kafin a yi ƙorafin. A nan ɗan sandan ya san aikinsa ƙwarai, shi ya sa ma bincike ke karkacewa. Ya san yadda likita ke kimanta lokacin mutuwa, ya san shaidu da ƙara suke riƙe lokaci, ya san shi ne zai fara shiga ɗakin da ikon hukuma. Da Pilar ta tsinci guntun roba da ɗan katako a ƙasa, shi ne ya miƙa hannu ya karɓe, kuma ba wanda ya ga abin tuhuma a ciki, don karɓar shaida aikinsa ne. Dabarar da za ta zama shirme a hannun Alfred ko George, a hannun Sugden sana'a ce. Har ila yau Christie ba ta ɓoye cewa abin ya yi kama da shiri ba. Wannan kamannin shi ne zaren da Poirot ya kama. Tsoho mai rauni kamar wannan, da me zai yi kokawar da za ta kifar da manyan kujeru? Kuma wane ɗan gida ne zai so a yi hayaniyar da za ta tara masa jama'a a bakin ƙofa? Hayaniyar ba ta amfani kowa ba sai wanda ke son a shaida cewa yana waje sa'ad da aka yi ta.

A 1929 wani limamin Katolika kuma marubuci, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na irin wannan adabi, ɗaya daga cikinsu ta hana mai binciken ya zama shi ne mai laifin. Christie, wadda ke cikin ƙungiyar marubutan da Knox yake ciki, ta ɗora laifin a kan mai kaki. Chandler na alfahari da cewa salon rubutunsu shi da Hammett ne ya yi ƙarfin halin nuna ruɓar masu riƙe da doka. Ga mace a Ingilar 1938 ta sa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, a tsakiyar littafin da ake saya a ba 'yan uwa kyautar biki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dalilin kisan, tunda dalili ne Chandler ya ce babu. Sugden ɗan Simeon Lee ne da aka haifa ba da aure ba. Ba gado ya zo nema ba, don ba shi da rabo a ciki. Mai karatun da ya tashi a ƙarƙashin hukuncin gadon Musulunci, inda wasiyya ba ta wuce sulusi kuma uba ba ya iya cire ɗansa daga rabonsa, zai yi mamakin yadda kiran waya ɗaya ya girgiza gida guda. A Ingilar wancan lokaci mutum na da ikon ya bar dukiyarsa ga wanda ya ga dama, ya hana wanda ya ga dama. Sai a 1938, shekarar da littafin ya fito, majalisa ta yi dokar da ta ba kotu damar tsakura wa matar mamaci da wasu daga cikin 'ya'yansa abin dogaro in an zalunce su a wasiyya. Ɗan da aka haifa a waje kuwa, sai 1969 doka ta ba shi damar gadon uban da ya mutu bai bar wasiyya ba. Ke nan wasiyya bulala ce a hannun Simeon, da ita yake kora manyan mutane masu mata kamar awaki. Su 'ya'yan cikin gida bulalar ta horar da su, suna ƙinsa amma suna durƙusawa. Mutum ɗaya ne bulalar ba ta kai gare shi, wanda aka hana komai tun ranar haihuwa, har da suna. Shi ne ya ɗauki wuƙa. In wannan ba kisa don dalili ba ne, ban san me Chandler ke kira dalili ba. Makamin ma ba wata guba ba ce daga dajin nesa, yankan wuya ne.

Yadda Christie ta shuka alamomin gano shi ya isa a tsaya a kai, don a nan alama da ma'ana abu ɗaya ne. A littafin, tsohon hadimin gidan, Tressilian, yana ta jin kamar abin da yake gani ya taɓa faruwa: ya buɗe ƙofa ya ga mutum, ya sake buɗewa ya ga kamar shi ne dai ya dawo. Yana zaton tsufa ne ke ruɗa shi. Ashe idonsa gaskiya yake gaya masa, jini ɗaya ne ke ta shigowa da fuskoki masu kama. Yadda Simeon ke jefa kai baya in zai yi dariya, yadda yake shafa muƙamuƙi da yatsa, duk suna jikin Harry, suna jikin Sugden. Pilar ta faɗi a fili cewa kakan nata a ƙuruciyarsa zai yi kama da sufuritandan, kuma wannan maganar ce ta kusa jawo mata ajali. Poirot ya sayo gashin baki na kanti ya gwada a zanen Simeon na ƙuruciya, fuskar ɗan sandan ta fito. Halin ma haka. Simeon na taƙama da cewa yana iya jiran shekaru kafin ya rama abin da aka yi masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan da ya fi kowa gadonsa, irin wanda yake cika baki da shi a gaban sauran, shi ne wanda bai taɓa zama da shi a tebur ba, kuma gadon haƙurin ramuwar ne ya dawo masa a wuya.

Fim ɗin talabijin ya ƙara wa wannan nauyi, kuma a nan Clive Exton da ya rubuta shi ya cancanci yabo. Ya rage mutane, ya cire wani ɗa da ban ambata ba da matarsa da wani baƙo, sannan ya buɗe da abin da littafin bai nuna ba: Afirka ta Kudu, 1896. Simeon yana saurayi ya kashe abokin haƙarsa saboda duwatsu, ya fita da rauni, wata mata ta tsince shi ta yi jinyarsa, ya kwana da ita, ya gudu ya bar ta. Ita ce uwar Sugden a fim ɗin. Saboda haka ɗan kallo ya ga kisan farko kafin ya ga itacen Kirsimeti ko ɗaya, kisan da ba a kama kowa ba, wanda ya haifi gidan da kayan adonsa da kujerar majalisar George. Shekara arba'in mai laifin na zaune cikin girma. Chandler ya ce shi ne ke rubuta duniyar da mai kisa ke zama babban mutum. Ga shi nan a kujerar guragu a Gorston Hall.

Akwai masu cewa to, me ya kawo Kirsimeti ciki, in ba don a yi wa gawa ado da fitilu ba? Poirot ya amsa wannan a littafin, a hirarsa da shugaban 'yan sandan yankin, wanda ke ganin lokacin biki lokacin lumana ne. Poirot ya ce akasin haka ne: an tara mutanen da ba sa ga maciji a ƙarƙashin rufi ɗaya, an tilasta musu fara'a, an cika su da abinci, abin da aka danne kuwa dole ya nemi hanyar fita. Duk wanda ya taɓa zama a babban gida ranar Sallah, 'yan uba sun dawo daga garuruwa, ana gaisawa ana dariya alhali maganar gona ko ta gidan gado na kwance a ƙarƙashin tabarma, ya san abin da ake nufi. Kuma ba zato ba ne kawai. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya kiyasta cewa a 2017 an kashe mata kimanin 87,000 da gangan a duniya, kashi 58 cikin ɗari, wato wajen 50,000, a hannun abokan zama ko 'yan uwansu. Lungun da Chandler ke nunawa gaskiya ne ana mutuwa a cikinsa. Amma wanda ya ce kisan cikin gida ƙirƙira ce ta marubuta, bai leƙa gida ba.

Christie kuwa ta leƙa. Bayan rasuwar mahaifinta a 1901, Kirsimetinta na ƙuruciya a Abney Hall take yin sa, babban gidan dangin James Watts, mijin yayarta. Shi wannan James ɗin ta sadaukar wa littafin, don ya yi mata ƙorafi cewa kashe-kashenta sun yi tsabta da yawa, ba jini. A yaƙin duniya na farko ta yi jinyar sojoji masu rauni a Torquay, daga baya ta koma ɗakin haɗa magani. Ta san jini, ta san irin gidan. Hammett ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton, wannan gaskiya ne. Chandler kuwa ma'aikacin kamfanin mai ne kafin ya koma rubutu, kuma a Ingila ya yi makaranta, a Dulwich.

Ban kawo wannan don in rage masa daraja ba, sai don abin da ke biye. A farkon 1939, makonni kaɗan bayan littafin Christie, Chandler ya fitar da nasa na farko, The Big Sleep. A ina ya buɗe? A katafaren gidan wani tsoho attajiri mai shanyewar jiki, Janar Sternwood, wanda dukiyarsa ta fito daga rijiyoyin mai, yana da 'ya'ya mata biyu da yake ganin sun gaji lalacewarsa. Bayan an zagaya gidajen caca da lunguna da 'yan bindiga, wa ya kashe mutumin da ake nema? Ƙaramar 'yar ce, babbar kuma ta rufa mata asiri, aka jefa gawar a tsohon ramin mai na gidan. Tsoho, dukiyar da aka tono daga ƙasa, jini mai bin jini, mai kisa a cikin gida. Da hannunsa ya kai ga gaskiya, inda Christie ta sauka nan ya sauka. Bambancinsu na harshe ne da yanayi, kuma a harshe ba na musu, Chandler ya fi ta zaƙin jimla nesa ba kusa ba. Amma a batun ƙulla labari da ya yi wa wasu izgili a kai, laifi tudu ne. Sa'ad da Howard Hawks ke mayar da littafin fim ɗin da ya fito a 1946, an aika wa Chandler tambaya, wa ya kashe direban gidan Sternwood, ya ce shi ma bai sani ba. A Gorston Hall babu tambayar da aka bari ba amsa.

Saura batun raha, wadda ake kira sukarin da ke rufe ɗacin. A fim ɗin Poirot ya amsa gayyatar Simeon ne saboda na'urar ɗumama ɗakinsa a Landan ta lalace, Babban Sufeto Japp kuma, wanda Philip Jackson ya fito a matsayinsa, yana maƙale a wurin dangin matarsa a Wales ana ta rera waƙoƙin biki, har zuwan aikin kisa ya zame masa kuɓuta. Ana dariya, amma maganar ɗaya ce aka faɗa da murya mai sauƙi: zaman dole da dangi nauyi ne ko a gidan da ba mugu. Suchet, wanda ya riƙe wannan matsayi daga 1989 zuwa 2013 a shiri 70, ya fahimci dalilin da ya sa Poirot ke gani inda 'yan gida suka makance. Baƙo ne daga Beljiyam da yaƙi ya koro, ba mata, ba ɗa, ba wanda ke jiransa ranar biki. Ba shi da abin karewa a teburin, shi ya sa yake kallon fuskoki ba sunaye ba. Ita ma Pilar ɗin duniya ce ta waje ta shigo da ita: ba jikar ba ce, ta gaskiyar ta mutu a yaƙin basasar Sifaniya, wannan ta ɗauki fasfonta ta zo neman inda za ta ci ta kwanta.

Inda labarin ya gaza da gaske, Chandler bai taɓo wurin ba. Duwatsun nan da Simeon ke shafawa suna da tarihin da ya wuce abokin haƙa ɗaya. An yi rububin lu'ulu'u a Kimberley a 1871, a 1888 Cecil Rhodes ya haɗe ramukan a ƙarƙashin kamfanin De Beers. Tun tsakiyar shekarun 1880 ake kulle ma'aikata baƙar fata a sansanoni masu shinge har kwantiraginsu ya ƙare, ana binciken jikinsu, ana tsare su kwanaki kafin sallama don kada wani ya haɗiye dutse ya fita da shi. Christie ta je Afirka ta Kudu a 1922, a rangadin tallata baje kolin daular Birtaniya. Ta gane cewa dukiyar Simeon ba ta da tsabta, Exton ma ya gane har ya nuna jini a kanta, amma jinin Bature ne suka ƙirga. Poirot ya bi sawun kowane ɗa da tsohon ya haifa, na aure da na waje, ya mayar wa kowa sunansa. Waɗanda suka shiga ramin suka fito da duwatsun, daga littafin har fim ɗin ba a ba ko ɗayansu suna ko murya ba.